Yadda ake buɗe kwalbar giyar inabi mai hatimin kaki: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya yi aikin tebur a babban otal, ko a Abuja ne ko Akara ko Dubai, wata rana za a miƙo masa kwalbar da bakinta ba shi da 'yar hular ƙarfen nan da aka saba yankewa, sai kaki ja ko rawaya ko baƙi da ya daskare ya rufe kan ruf. Yawancin sababbin hannu wuƙa suke zarowa su kama sassaƙa a gaban baƙo, kafin a jima tebur ya cika da ɓurɓushi, wani lokacin ma har a yanke yatsa. Alhali a mafi yawan kwalabe ba a cire kakin ko kaɗan, ta cikinsa ake bi. Aikin da ya rage shi ne gane 'yan kwalaben da ba su yarda da hakan ba.

Dole ne sai na kankare kakin kafin in sa mabuɗi?

A'a. Ka yi kamar babu shi.

Tsayar da kwalbar a kan tebur ko kanta, ka riƙe wuyanta da hannu ɗaya. Ɗora tsinin mabuɗin a tsakiyar kakin daidai. Da yake ba ka ganin matoshin da ke ƙasa, idonka zai auna tsakiya daga gefen bakin kwalbar. Ka ɗan karkata mabuɗin ka danna har tsinin ya kama, sannan ka miƙar da shi tsaye ka ci gaba da murɗawa. Zagayen farko ne kawai mai ɗan wuya, daga nan zai shige sumul. Ka bar zagaye ɗaya a waje, don kada tsinin ya huda matoshin ya fito ta ƙasa ya zubar da ɓurɓushi a ciki.

Sai ka kafa ƙafar mabuɗin, wato ɗan ƙarfen da ke naɗe a gefensa, a leɓen kwalbar, a kan kakin, ka danne ta da babban yatsa don kada ta zame, ka ɗaga a hankali. Za ka ji ƙas, kakin ya tsage a zagaye, wani ɗan faifai ya taho tare da matoshin. Idan matoshin ya kusa fita, saura kamar santimita ɗaya, ka dakata. Ɗauki tsumma mai tsabta ka share duk ɓurɓushin da ya taru a leɓen kwalbar tun bakin yana toshe, sannan ka ƙarasa zarewa da hannu. Wannan ɗan tsayawar ita ce ke hana kaki faɗawa ciki, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa saboda gaggawa.

Wane irin mabuɗi ya fi dacewa?

Ɗan ƙaramin nan mai naɗewa da masu aikin tebur ke sa wa a aljihu, mai 'yar wuƙa a gefe ɗaya da ƙafa a ɗaya gefen. Wani Bajamushe, Karl Wienke, shi ya yi masa rajista a 1882, kuma har yau siffarsa ba ta canja sosai ba. Idan da hali ka nemi mai ƙafa mai gaɓa biyu, domin yana ɗaga matoshi a mataki biyu kuma a miƙe, ba ya lanƙwasa shi.

Kafin ka saya ka duba murɗaɗɗen ƙarfen. Na kirki yana da rami a tsakiya, har za ka iya zura tsinken ashana ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama. Wanda yake da sanda a tsakiya da kaifi kewaye da ita, yaga matoshi yake yi, ga shi yana farfasa kaki fiye da kima.

Mai fukafukai biyu, da na lantarki, da babban nan mai hannu da ke damƙe wuyan kwalba, duk suna da zobe ko baki da dole ya zauna daidai a kan kwalbar. Kaurin kaki yakan hana su zama, su karkace, ko kuma ɓurɓushi ya cushe musu ciki. Ka ajiye su don kwalabe masu hular ƙarfe.

Yaya zan gane ko kakin mai laushi ne ko mai tauri?

Da farcenka. Danna farcen babban yatsa a gefen kakin. Idan ya bar shaida, mai laushi ne, ka bi ta cikinsa kai tsaye. Idan farcen ya zame bai bar komai ba, kakin yana ƙyalli, kuma in ka ƙwanƙwasa yana ƙara kamar tangaran, to mai tauri ne, kuma tarwatsewa zai yi.

Bambancin daga kayan haɗi yake. Mai laushi yawanci kakin kyandir ne ko kakin zuma da aka gauraya da ɗan sinadarin roba don ya riƙa lanƙwasa. Mai tauri irin tsohon kakin hatimin wasiƙa ne, wanda ake haɗawa da ƙaron itatuwa da wani ƙaro da wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itace a Indiya da Tailan. Masu sana'ar nan sun san kwalaben da suka yi suna wajen tauri: rawayen kakin gidan Raveneau na garin Chablis a Faransa, da jan kakin gidan Dunn na tsaunin Howell a Kalifoniya. Akwai kuma nau'i na uku, mai kauri kamar roba, wanda aka saka wa ɗan zare ko harshe a ƙarƙashi. Giyar inabin Belle Glos ta Kalifoniya haka take, haka ma wiskin Maker's Mark na jihar Kentaki. Ka nemi harshen, ka ja shi a zagaye, hular ta cire. Abin mamaki, mutane da yawa ba sa lura da shi, sai sun gama fama da wuƙa.

To idan mai tauri ne fa?

A nan ne ake buƙatar dabara, kuma dabarar ɗumi ce kaɗan. Kifa tafin hannunka a kan kakin ka murza da ƙarfi na kimanin rabin minti. Ɗumin hannun ba zai narkar da shi ba, amma yana rage masa saurin fashewa. Idan bai isa ba, jiƙa tawul da ruwan zafi, ka matse, ka lulluɓe kan kwalbar kawai na ɗan lokaci. Wasu suna kifa bakin kwalbar a ƙarƙashin famfon ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙu. Hakan yana yi, sai dai ka kiyaye kada ruwa ya gangara ya jiƙa takardar jikin kwalbar, kuma kada a yi wa tsohuwar kwalba haka, don kifa ta zai tayar da dattin da ya kwanta a gindi.

Bayan ɗumin, ka bi ta ciki kamar yadda aka faɗa a sama, amma ka yafa tsumma kewaye da bakin yayin da kake ɗagawa, don ya tare abin da zai fantsama. Idan kakin ya yi kauri har ƙafar mabuɗi ba ta samun wurin kamawa, rufe kan da tsumma ka ɗan bubbuga gefen saman da bayan cokali, a hankali, kana juya kwalbar. Kakin zai tsattsage ya zube a cikin tsumman. Bugu ne na tsaga kaki, ba na fasa kwalba ba, don haka hannu ya zama mai sauƙi.

Duk wannan ba a kan farin mayafin tebur ake yinsa ba. Ƙa'idar aiki ita ce a fara nuna wa baƙo kwalbar ya tabbatar ita ya nema, sannan a nemi izini: "Ranka ya daɗe, kakin nan mai tauri ne, zai yi ɓurɓushi. A ba ni dama in buɗe a ɗan teburin can, ga shi nan a gabanka." Ba a ɗauke kwalba a shige da ita kicin inda mai ita ba ya gani, musamman mai tsada. Ɗan tebur na gefe, faranti a ƙasa, tsumma biyu, shi ke nan.

Ba zan iya narkar da shi da laita ko kyandir ba?

Kada ka yi. Kakin zuma yana narkewa ne a wajen digiri 62 zuwa 64, harshen wuta kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Abin da za ka samu shi ne baƙin hayaƙi a wuyan kwalba, da ɗigon kaki mai zafi a yatsa, da wari idan akwai roba a ciki. Gilashi kuma ba ya son zafi a wuri ɗaya alhali sauran jikinsa da sanyi, yana iya tsagewa.

Da gangan ma akan yi amfani da wannan halin na gilashi. A Fotugal, masu tsohuwar giyar Port suna da wani awartaki da suke gasawa a wuta har ya yi ja, su damƙe wuyan kwalbar da shi a ƙasan matoshi na ɗan lokaci, sannan su shafa ruwan sanyi, wuyan ya ɓalle tas tare da matoshin. Aikin gwanaye ne, kuma suna tace abin da ke ciki daga baya. Na kawo shi ne don ka ga abin da zafi ke yi wa wuyan kwalba.

Ɓurɓushin kaki ya faɗa ciki, abin ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. Kakin ba ya narkewa a ciki, ba ya canja ɗanɗano. Ka tace ta matatar shayi mai tsabta ko farin ƙyalle marar ƙamshin sabulu zuwa cikin wani tulun gilashi. Idan kuwa leɓen kwalbar ne ya guntule, wannan magana ce daban: a sanar da baƙo, a sauya kwalbar.

Kwalbar tsohuwa ce, ta shekara ashirin ko talatin. Haka zan bi ta cikin kakin?

Nan kam a'a, kuma wannan ita ce babbar togaciyar. Matoshi yana tsufa. Wanda ya shekara ashirin ko fiye yakan yi laushi ko ya bushe, in ka danna shi da ƙarfi ya faɗa ciki, in ka ja shi ya marmashe. Kana buƙatar ganinsa kafin ka taɓa shi. Don haka a tsohuwar kwalba sai an cire kakin saman tukuna, ko da 'yar wuƙar mabuɗi a yanke a zagaye idan mai laushi ne, ko a bubbuga shi a cikin tsumma idan mai tauri ne. Ka share wurin sosai, sau da yawa za ka tarar da baƙin datti ko fumfuna a ƙasan kakin. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, a goge kawai.

Mabuɗin da ya fi dacewa a nan shi ne mai harsuna biyu siraru na ƙarfe, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Ba ya huda matoshi, tsakanin matoshi da gilashi yake bi. Ka fara zura dogon harshen, sannan gajeren a ɗaya gefen, ka riƙa rausaya hannu dama da hagu har su shige, ba dannawa kai tsaye ba, sannan ka murɗa kana ja sama a hankali. Ka ga dalilin cire kaki ke nan: harsunan ba su da ta inda za su shiga idan gefen yana rufe. Akwai wani mai suna Durand da ya haɗa murɗaɗɗen ƙarfe da harsunan biyu a wuri guda. Yana da tsada, amma gidajen da ke ajiye tsofaffin kwalabe ba sa rabuwa da shi.

Idan duk da haka matoshin ya karye, rabi ya rage a ciki, ka zura mabuɗin a karkace, tsinin ya kama guntun ya jingina da gilashi, ka ja a hankali. In ya ƙi, tura shi ciki ka tace. Ba abin kunya ba ne, tsohon matoshi yana karyewa a hannun kowa.

Kullum matoshin itace ne a ƙarƙashin kakin?

Ba kullum ba, kuma rashin dubawa ya karya mabuɗai da yawa. Wani lokaci murfin ƙarfe ne mai murɗawa, wani lokaci irin murfin kwalbar lemo ne, wani lokaci matoshi ne mai faffaɗan kai da ake zarewa da hannu. Siffar kakin takan tona abin da ke ƙasa: ƙwanƙwasa saman da farce, ka duba ko akwai alamar haƙoran murfi ko layin murɗi a gefe. Idan tsinin mabuɗi ya ci karo da wani abu mai tauri bayan ya ratsa kakin, ka tsaya nan take. Irin waɗannan sai an yanke kakin a zagaye a ƙasan murfin.

Mai kumfa ita ce abin tsoro. Iskar da ke cikin kwalbar shamfen ta kai ninki biyu zuwa uku na iskar tayar mota, kuma matoshinta yana iya fasa ido. Ba a taɓa sa mata mabuɗi mai tsini. A sanyaya ta sosai, a cire kakin da hannu da wuƙa, a rufe kan da tsumma, yatsa yana danne da matoshin tun daga lokacin da aka fara kwance wayar, a karkata kwalbar inda babu fuskar kowa, sannan a juya kwalbar ita kanta, matoshin yana riƙe cak.

Wai me ya sa ake sa kakin tun farko? Yana da wani amfani ko ado ne?

Da can amfani ne. Tun da aka fara toshe kwalaben gilashi da ɓawon itace a Turai a ƙarni na 17, ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa cike suke da danshi da ɓeraye da ƙwarin da ke cin matoshi, sai aka riƙa tsoma bakin kwalba a kaki don kariya. Daga baya hular dalma ta maye gurbinsa, har aka gane dalma guba ce. Tarayyar Turai ta hana ta a 1993, Amurka a 1996, aka koma hular kuza da alminiyom da roba.

Yau kaki ya dawo ne da dalilai uku. Ƙaramin mai gona da ke cika kwalabe kaɗan, tukunyar narkar da kaki ta fi masa sauƙi a kan injin ɗaura hula. Manyan kwalabe, daga mai lita ɗaya da rabi zuwa sama, sau da yawa kaki ake sa musu. Na uku kuma kasuwa ce: kaki yana sa kwalba ta yi kama da aikin hannu. Maker's Mark ta ɗauki jan kakinta mai zuba da muhimmanci har ta kai ƙara a kansa, kuma a 2012 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tabbatar cewa alamar kasuwancinta ce. A yankin Jura na Faransa kuwa al'ada ce tsohuwa: giyarsu mai launin rawaya, wadda ke kwana shekara shida da wata uku kafin a sayar, a wata gajeriyar kwalba mai santilita 62 ake zuba ta, a rufe da kaki.

A ganina rabin abin ado ne. Abin da ke tsare iska shi ne matoshin, wanda ake yankowa daga ɓawon wani itace da ke tsiro a Fotugal da Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Fotugal kaɗai tana ba da kusan rabin na duniya. Sai itacen ya kai shekara 25 ake fara saɓule masa ɓawo, daga nan duk bayan shekara 9, kuma sai a karo na uku ɓawon ke yin kyan da za a yi matoshi mai inganci da shi. Idan matoshin ya zo da aibi, irin mai sa abin sha ya riƙa warin jiƙaƙƙen kwali, babu kakin da zai gyara shi.

Kaki alama ce ta cewa kwalbar ta gaske ce, ko mai tsada?

Ko ɗaya. Akwai masu araha da kaki, akwai kuma kwalaben da suka fi kowanne tsada a duniya da hular ƙarfe kawai. Kaki ma ya fi hula sauƙin kwaikwayo. Lokacin da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka kama Rudy Kurniawan a gidansa na Arcadia a Kalifoniya a 2012, cikin kayan da suka tarar har da matosai da takardun liƙawa da kakin rufe kwalba. An yanke masa shekara 10 a 2014 saboda sayar da jabun kwalabe na miliyoyin daloli. Wanda ke saye wa otal a Najeriya, lambar NAFDAC da sanin dillalin da ya kawo kayan sun fi masa kallon kaki amfani.

Kakin ya tsage, ko ya kumbura, ko yana danƙo tun kafin in buɗe. Me hakan ke nufi?

Tsagewa kaɗai ba komai ba ce, kaki mai tauri yana tsagewa a hanya. Kumburi da danƙo su ne abin dubawa. Idan kwalba ta sha zafi, abin da ke ciki yana faɗaɗa ya turo matoshi sama, kakin ya taso, wani lokaci ruwan ya tsattsafo ya bushe ya bar sawu mai danƙo a wuya. A ƙasashenmu wannan ba baƙon abu ba ne: kwalbar da ta wuni a bayan mota a watan Afrilu tsakanin Legas da Kano, ko ta kwana a sito mai rufin kwano a Yamai, ta ga zafin da ya haura digiri 40, alhali wurin ajiyarta ya kamata ya tsaya wajen digiri 12 zuwa 14. Irin wannan kwalbar a ware ta, a nuna wa manaja kafin ta kai teburin baƙo.

Sanyi kuma taurara kaki yake yi. Kwalbar da ta fito daga firiji ko bokitin ƙanƙara, ko mai laushin kaki ce, takan fashe kamar mai tauri. Ka share ta, ka murza kan da tafin hannu kafin ka sa mabuɗi.

Ni ba na shan giya, ba na kuma aikinta. Ina zan haɗu da wannan?

A kicin. Man zaitun na musamman, da zuma, da wasu ruwan inabi marasa barasa, duk akan rufe su da kaki. Tsohon ruwan tsamin inabi na Reggio Emilia a Italiya, wanda ke shekara 12 ko fiye a ganga, a 'yar kwalba mai mililita 100 yake zuwa da jan kaki a ka. Yawancin irin waɗannan matoshi mai faffaɗan kai ne ko murfi mai murɗawa a ƙasa, saboda haka yanka a zagaye ake yi, ba huda ba. Mai neman marar barasa kwata-kwata ya karanta takardar da kyau ya nemi 0.0%, domin a dokar Turai abin da aka cire wa barasa yana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin ɗari.

Kakin ya ɗiga a mayafin tebur, yaya zan fitar da shi?

Idan busasshen ɓurɓushi ne, kada ka goga da jiƙaƙƙen tsumma, launin zai shiga zaren. Ka kakkaɓe ko ka kwashe da gefen kati. Idan narkakke ne ya manne, ka bar shi ya daskare, ko ka ɗora ƙanƙara a leda a kai, ka kankare da bayan wuƙa. Abin da ya rage, shimfiɗa farar takarda a sama da ƙasa, ka bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi, kana sauya takardar duk lokacin da ta sha maiƙo. Jan kaki yakan bar ɗan launi bayan haka, sai a shafa sabulun wanke-wanke a wurin a bar shi ya jima kafin a kai wanki.